Kyanwata tana numfashi da sauri ko da tana barci: zafi ne ko ciwo?

Uwar_Tauraruwa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin kiwon kyanwa. Kyanwata, Tauraruwa, shekararta 6, kuma tun tana 'yar wata biyu take hannuna ba ta taɓa yin ciwon da ya wuce mura ba. Yau kwana uku ke nan da na lura numfashinta ya sauya. Idan ta kwanta, haƙarƙarinta yana ɗagawa yana sauka da sauri fiye da yadda na saba gani, a daren jiya kuwa na ga har cikinta yana motsawa tare da ƙirjin. Ba ta tari, ba ta atishawa, hancinta ba ya yoyo, bakinta kuma a rufe yake. Tana cin abinci amma tana barin kusan rabi, sannan ta daina hawa saman kabad ɗin da ta saba kwana a kai, ta koma kwanciya a ƙasa, kuma ba ta miƙewa a gefe ɗaya kamar da, sai dai ta durƙusa a kan ƙirjinta. Maigidana ya ce zafi ne kawai, in bar ta ta huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin in ƙara jira kwana ɗaya ko biyu, ko kuwa abin ya kai a tafi asibitin dabbobi?

Malam_Garba61:
Wa alaikumus salam. Malama, ina ganin maigidanki bai yi nisa da gaskiya ba. Na fi shekara ashirin ina tare da maguna, kuma duk lokacin da gari ya yi zafi sukan bar wurare masu tsawo su nemi ƙasa mai sanyi, su rage cin abinci, numfashinsu ma yakan ɗan ƙaru. Tunda ba ta tari kuma hancinta a bushe yake, ki ajiye mata ruwa a wurare biyu ko uku, ki bar ta inda iska ke shiga, ki ga yadda za ta wayi gari.

Nana_Rahma:
Kafin a ce zafi ne ko ba zafi ba ne, Yaya, ina ganin ya kamata ki ƙirga numfashin, domin ido yakan ruɗi mutum, musamman idan yana cikin damuwa. Ki jira sai ta yi barci sosai, kada ki taɓa ta, kada ki kira sunanta. Ki dubi haƙarƙarinta: ɗagawa ɗaya da sauka ɗaya su ne numfashi guda. Ki ƙirga na sakan 30 ki ninka biyu, ki maimaita sau uku da ɗan tazara a tsakani. Abin da aka koya mini shi ne lafiyayyiyar kyanwa mai barci ba ta cika wuce 30 a minti ɗaya ba, yawancinsu ma suna tsakanin ashirin da ashirin da wani abu ne.

Uwar_Tauraruwa:
Na gode, Nana. Na yi yadda kika ce, na zauna nesa da ita da agogon waya. Na farko na samu 46, na biyu 44, na uku 48. Kuma ɗakin ba shi da zafi, har ni kaina na yafa mayafi.

Abu_Yasir:
Malama, ko kin tabbatar ba ƙugin nan na jin daɗi take yi ba lokacin da kike ƙirgawa? Na taɓa firgita kaina da muzuruna, na samu kusan 50, ashe ganina kusa da shi ne ya sa yake ƙugi a hankali, ƙirjin yana rawa. Haka nan idan suna mafarki, gashin bakinsu da ƙafafunsu suna motsi, numfashin yakan yi sauri na ɗan lokaci sannan ya daidaita.

Uwar_Tauraruwa:
Na kasa kunne sosai, Malam, babu ƙugi ko kaɗan, kuma jikinta ba ya motsi. Saurin ba ya zuwa ya wuce, haka yake tun safe.

LikitarDabbobi_Z:
Malama, ba zan iya gano ciwon kyanwar da ban gani ba, amma da abin da kika faɗa, shawarata ita ce ki kai ta asibiti yau, kada ki bari sai gobe. Abubuwa uku ne suka haɗu a bayaninki: numfashi sama da 40 tana barci a ɗaki mai sanyi, ciki yana taya ƙirji aiki, da kuma ƙin kwanciya a gefe. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi rainawa, alhali kyanwar da ta daina miƙewa ta koma durƙuso a kan ƙirji sau da yawa tana yin haka ne don huhunta ya samu sararin buɗewa.

Game da rashin tari, ina so in yi wa Malam Garba gyara cikin girmamawa. A kare, ciwon zuciya yakan zo da tari, shi ya sa mutane ke ɗauka cewa idan babu tari to ƙirji lafiya lau yake. A kyanwa ba haka abin yake ba. Kyanwar da zuciyarta ta gaza da wuya ta yi tari. Alamar da ake fara gani ita ce saurin numfashi, saboda ruwa ya taru ko dai a cikin huhun kansa, ko kuma a sararin da ke tsakanin huhu da haƙarƙari, ya matse huhun ya hana shi cika da iska. Tun da numfashi ɗaya ba ya isarta, sai ta riƙa yin gajeru da yawa. Tari a kyanwa ya fi nuna asma ko tsutsar huhu.

Abin da ya sa nake matsa miki shi ne kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Tana rage motsi, tana rage hawa sama, tana daidaita rayuwarta da ɗan numfashin da ya rage mata, har sai abin ya kai inda ba ya ɓoyuwa. Don haka kwana ukun da kika gani wataƙila ƙarshen labari ne da ya faro makonni da suka wuce. Idan za ta yarda ba tare da kokawa ba, ki ɗaga leɓenta ki dubi dasashinta: na lafiya ruwan hoda ne mai haske. Idan ya yi fari fat, ko shuɗi-shuɗi, ko ruwan ƙasa, ko kuma ta buɗe baki tana numfashi, ko ta miƙe wuya ta ware gwiwoyin hannu daga jiki, to wannan ba na jiran ko awa ɗaya ba ne.

Malam_Garba61:
Likita, na karɓi gyara a kan tari, ban san da wannan bambancin ba. Sai dai batun buɗe baki ina da ja. Na sha ganin 'ya'yan maguna sun yi guje-guje har sun gaji, sun zauna suna haki harshe a waje kamar kare, bayan minti biyu kuma sun miƙe sun ci gaba da wasa. Idan za mu garzaya asibiti a kan kowane irin wannan, ai ba za mu zauna a gida ba.

LikitarDabbobi_Z:
Wannan gaskiya ne, Malam. Ƙaramar kyanwa da ta yi wasa mai tsanani, ko wadda ta tsorata a cikin mota, tana iya yin haki na ɗan lokaci. Ma'aunin shi ne a san dalilin, kuma a ga ya wuce cikin 'yan mintuna bayan ta huta. Wadda muke magana a kai ba ta yi gudu ba, barci take yi.

Hajiya_Maimage:
'Yata, ki ji maganar Likita. Ni na yi irin wannan jiran, kuma har yau yana damuna. Muzuruna Jarumi shekararsa 8, ƙato ne mai cin abinci, ba a taɓa ce mini yana da wani ciwo ba. Na ga numfashinsa ya ƙaru kusan mako guda, na ce ƙiba ce ta yi masa yawa. Wata asuba sai kukansa ya tashe ni, irin kukan da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na same shi yana jan jiki da hannuwa, ƙafafun baya biyu suna biye da shi kamar tsumma. Da na taɓa tafin ƙafar sai na ji shi sanyi ƙalau, ya kuma yi duhu, alhali na hannu da ɗuminsa. Na zaci faɗowa ya yi ya karya baya. A asibiti aka bayyana mini cewa bangon zuciyarsa ne ya yi kauri tun da daɗewa, jini ya riƙa tsayawa a ɗaya daga cikin ɗakunan zuciyar har ya daskare, gudan jinin ya ɓalle ya bi babbar jijiya ya toshe daidai inda take rabuwa zuwa ƙafafu. Bai kai dare ba. Likitan bai ce mini da na zo da wuri lallai da ya rayu ba, amma ya ce akwai maganin da ake bayarwa don rage haɗarin daskarewar jini idan an gano ciwon tun kafin ya kai haka.

Nana_Rahma:
Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya.

Sani_Injiniya:
Ba don in rage nauyin abin da aka faɗa ba, amma kada mu ɗora komai a kan zuciya. Tawa kyanwar asma ce ta same ta, kuma na shafe fiye da shekara ina zaton gashin da ta haɗiye take ƙoƙarin amayarwa. Takan durƙusa, ta miƙe wuya kusa da ƙasa, ta yi ta wani busasshen tari, a ƙarshe ta haɗiye yawu ta tashi ba ta fitar da komai ba. Tsakanin wannan da wancan numfashinta yakan kai 40. Bayan an ɗauki hoton ƙirjinta aka sa ta a kan magani, aka ce in sauya yashin bayan gidanta zuwa marar ƙura, in daina fesa kayan ƙamshi a ɗaki, kuma kada a sha sigari inda take. Yanzu da na'urar shaƙa nake ba ta magani, ta wani bututu mai abin rufe hanci da aka ƙera don kyanwa; mako uku na yi ina lallaɓa ta kafin ta yarda da shi. Ƙwayoyin sitiroyid, wato maganin rage kumburi, da aka fara ba ta cikin kwana biyu suka sauƙaƙa mata, har ina da ragowarsu. Da kusa muke da na ce a gwada rabin ƙwaya a gani.

Dalibin_Asibitin_Dabbobi:
Yallaɓai Sani, gara da ba kusa kuke ba. Ni ɗalibi ne, Likita za ta gyara mini idan na yi kuskure, amma abin da aka nanata mana shi ne sitiroyid yana iya sa jiki ya riƙe ruwa a jijiyoyi, kuma a kyanwar da ke da ɓoyayyen ciwon zuciya wannan kaɗai yana iya tunkuɗa ta cikin gazawar zuciya. Ƙarin ruwa ta jijiya ma yana iya yin haka. Ke nan maganin da ya ceci taka yana iya zama ajalin wata, alhali daga waje alamun sun yi kama.

Akwai ɗan bambanci da ake lura da shi. Mai asma ta fi wahala wajen fitar da iska, saboda ƙananan hanyoyin iska sun ƙuntata, sai ka ga tana matsa ciki a ƙarshen numfashi, wani lokaci da ɗan fito. Wadda hanci ko maƙogwaronta ya toshe ta fi wahala wajen jan iska, kuma da ƙara. Wadda ruwa ya kewaye huhunta kuwa numfashinta gajere ne, mai sauri, shiru. Amma wannan hasashe ne kawai, hoto ne ke raba gardama.

Ciwon da Hajiya ta bayyana, wato kaurin tsokar zuciya, shi ne ciwon zuciya mafi yawa a kyanwa. Ana ƙiyasta kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da shi, kodayake da yawansu har su mutu ba zai dame su ba. Ya fi kama muzurai, kuma a jinsin Maine Coon da Ragdoll an gano sauyin ƙwayar gadon da ke da hannu a ciki, amma kyanwar gida wadda ba ta da wani jinsi na musamman ma tana kamuwa. Akwai wani nau'in kuma da zuciya ke saki ta faɗaɗa, wanda a 1987 masu bincike a Amurka suka gano cewa rashin wani sinadari mai suna taurin (taurine), wanda ake samu a nama, a cikin abinci ne ke jawo shi. Tun da kamfanoni suka ƙara sinadarin a abincin kyanwa ciwon ya ragu ƙwarai, sai dai har yanzu ana ganinsa a waɗanda ake ciyarwa da abincin kare ko abincin da babu isasshen nama a ciki.

Sani_Injiniya:
Na ji, na kuma janye maganar ragowar ƙwayoyin.

Bashir_M:
Ni tunanina ya tafi ga zazzaɓi, domin ko mutum idan jikinsa ya yi zafi numfashinsa yakan ƙaru. Shin ba za a iya ɓantarar kwatan farasitamol a ba ta ba, kafin a samu zuwa asibiti?

LikitarDabbobi_Z:
Malam Bashir, a'a, ko ɓarɓashinsa kada a ba ta, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe shi da kyau. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da hantar mutum ke amfani da shi wajen sarrafa farasitamol, don haka maganin yakan rikiɗe ya zama guba mai lalata jajayen ƙwayoyin jini, su kasa ɗaukar iskar oksijin. Cikin sa'o'i kaɗan za a ga dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu sun kumbura, numfashi ya yi sauri. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa. Akwai makarinsa, amma sai an kai ta da wuri. Ibufurofen ma haɗari ne, shi ƙoda da ciki yake lalatawa. Batun zazzaɓi kuwa daidai ne cewa yana ƙara numfashi, haka ma raɗaɗi. Sai dai zafin jikin lafiyayyiyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Salshiyos, wato ya fi na mutum, shi ya sa duk wanda ya taɓa ta da hannu zai ce tana da zazzaɓi.

Bashir_M:
Subhanallahi. Na gode da aka tare ni, da niyyar alheri na faɗa.

Rabi_Adamu_22:
Tunda an taɓo guba, bari in ƙara da wadda ta same ni. Na ɗiga wa kyanwata maganin ƙuma na kare a bayan wuya, ina ganin ai ƙuma ƙuma ce. Kafin awa uku ta fara karkarwa, kunnuwanta suna fizga, tana haki. Sinadarin famitirin ne a ciki, wanda kare ke jurewa amma kyanwa ba ta jurewa. Kwana biyu ta yi a asibiti kafin ta dawo hayyacinta. Malama mai tambaya, ko kin sa mata wani sabon abu a 'yan kwanakin nan?

Uwar_Tauraruwa:
Ban ba ta komai ba, ban kuma shafa mata komai ba. Na duba dasashin kamar yadda Likita ta ce, ruwan hoda ne amma ya ɗan koɗe, bai kai yadda na san shi ba. Na kira asibiti sun ce in kawo ta yanzu. Damuwata ita ce akwatin ɗaukarta: da ta hango shi take shigewa ƙarƙashin gado, kullum sai mun yi kokawa, a mota kuma kuka take yi har mu isa. Ina tsoron kada tafiyar ta fi ciwon illa. Wani ya tambaye ni a gefe ko tana fita waje. E, takan fita da dare wani lokaci.

Zainab_K:
Tsoronki yana kan hanya, 'yar'uwa. Na kai tawa wani asibiti tana numfashi da ƙyar, maimakon su bar ta ta natsu sai mutum biyu suka danne ta a gefe don ɗaukar hoto, tana fizge-fizge tana buɗe baki. A kan teburin ta suma. An samu an farfaɗo da ita, amma na ga abin da ban so ba. Ki gaya musu tun daga ƙofa cewa matsalar numfashi ce, kuma idan kika ga za a danne ta, ki yi magana.

LikitarDabbobi_Z:
Abin da Malama Zainab ta faɗa darasi ne da ake koya wa kowane ɗalibi: kyanwa mai wahalar numfashi tana iya mutuwa saboda riƙo kawai. Tsarin da ya dace shi ne a fara sa ta inda za ta shaƙi oksijin, a bar ta shiru, a ba ta ɗan maganin kwantar da hankali idan da buƙata, sannan a duba ƙirjin da na'urar hoton sauti, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, tana durƙushe yadda take so. Cikin minti ɗaya ko biyu ana iya ganin ko akwai ruwa. Idan a kewayen huhu yake, a zuƙe shi da allura. Idan a cikin huhu yake, a yi mata allurar da ke sa fitsari don jiki ya fitar da shi. Hoton ƙirji yana iya jira har ta samu sauƙi.

Ke kuma Malama, kada ki bi ta da gudu. Idan saman akwatin yana cirewa, ki cire shi, ki shimfiɗa tawul ɗin da ta saba kwanciya a kai, ki ɗauke ta a hankali ba tare da kin matse ƙirjinta ba, ki ajiye ta, sannan ki mayar da murfin. Ki yafa ƙyalle marar nauyi a kai amma ki bar iska tana shiga, motar ta kasance da sanyi, kuma kada ki ɗura mata ruwa ko abinci.

Abu_Yasir:
Jin cewa tana fita da dare ya tuna mini da wata kyanwa da na tsinta. Ba ta da rauni ko ɗaya a jiki, sai dai saurin numfashi, kuma cikinta ya shafe kamar wadda ba ta da hanji. Hoto ya nuna cewa tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya yage, wataƙila mota ce ta buge ta, hanji da wani sashe na hanta suka haura cikin ƙirji suka danne huhu. An yi mata aiki ta warke. Likitan ya ce wasu sukan yi watanni da wannan ba a sani ba. Ya kuma ce cizon da suke yi wa juna wajen faɗa yana iya shigar da ƙwayoyin cuta har ƙirji ya cika da mugunya, bayan ramin haƙorin ya daɗe da rufewa.

Dalibin_Asibitin_Dabbobi:
Haka ne, kuma launin ruwan da aka zuƙo yana ba da labari. Mugunya tana da kauri da wari. Akwai ruwa fari kamar madara, wanda ke tsiyayowa daga jijiyar da ke ɗauko kitse daga hanji. Akwai rawaya mai yauƙi, wanda ke sa a zargi cutar nan da ake kira FIP, da wata ƙwayar korona ta maguna ke haddasawa idan ta rikiɗe a cikin jiki. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma a da hukuncin kisa ce, amma yanzu akwai maganin da ake bayarwa na kimanin mako 12 kuma da yawa suna warkewa. Sannan akwai sankarar da ke tsirowa a gaban zuciya, da ƙarancin jini, da tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, da tsutsar huhu da suke samu idan sun ci ɓera ko tsuntsu ko ƙadangaren da ya ci dodon koɗi, da kuma yawan aikin tayiroyid, wata gaɓa da ke wuya, a tsofaffi, waɗanda za ka ga suna ci kamar gara amma suna ramewa.

Hajiya_Maimage:
Ɗana, Allah ya ƙara ilimi, amma baiwar Allah nan tana kan hanya da wayarta a hannu. Ka bari ta isa tukuna.

Uwar_Tauraruwa:
Mun dawo, ita kuma an riƙe ta za ta kwana. Dabarar cire saman akwatin ta yi aiki, ko kuma dai ba ta da ƙarfin faɗa ne. Ruwa ne a kewayen huhunta, an aske gefen ƙirjinta an zuƙo mililita 140, an nuna mini shi a cikin sirinji, garai-garai ne da ɗan ja kaɗan, ba shi da wari. Ina tsaye na ga numfashin ya lafa, bayan awa ɗaya ya sauko 32, har ta miƙe a gefe ta yi barci, abin da rabon da in gani tun farkon mako. Likitan ya ce bai ji wata baƙuwar ƙara a zuciyarta ba, amma ya fi zargin zuciyar. An tura ruwan da jininta gwaji, gobe kuma za a yi wa zuciyar cikakken hoto. Maigidana ne ya tuƙa mu, kuma da ya ga sirinjin bai sake ambaton zafi ba.

Malam_Garba61:
Alhamdu lillahi. Malama, ki yafe mini shawarar jiran da na ba ki. Na zauna na ƙirga nawa su uku suna barci: manyan biyu na samu 24 da 26, ƙaramar kuwa, 'yar wata uku, ta ba ni 36 sau ɗaya, 30 sau ɗaya. Tana wasa, tana ci. Likita, ita ma abin damuwa ce? Kuma yaya za a zargi zuciya bayan an saurara ba a ji komai ba?

LikitarDabbobi_Z:
Ƙanana sukan fi manya saurin numfashi kaɗan, kuma suna yawan mafarki, don haka ƙirge ɗaya ba hujja ba ne. Ka maimaita na 'yan kwanaki lokacin da ta yi nisa a barci; idan ya tsaya sama da 30 kullum, ko yana hawa, ko dasashinta ya yi fari, musamman idan tana da ƙuma da yawa, a duba ta. Tambayarka ta biyu kuwa, saurare da abin kunne ba ya wanke zuciyar kyanwa. Akwai masu ciwon zuciya mai tsanani da ba a jin wata ƙara a ƙirjinsu, akwai kuma masu ƙarar da zuciyarsu lafiya take. Ruwa garai-garai ya dace da zuciya, amma bai kore sankara ba, shi ya sa ake duba ƙwayoyin da ke cikinsa.

Sani_Injiniya:
Ni har yanzu akwai abin da bai warware mini ba. Nana ta ce 30, Likita ta ce sama da 40 a tafi a ranar. To wanda ya samu 34 ko 35 fa, kamar yadda nake samu a tawa wasu ranaku, a ina ya tsaya?

Hajiya_Maimage:
Ni dai tun bayan Jarumi na ajiye ɗan littafi, ina rubuta na kowace kyanwa sau ɗaya a mako. Ɗaya daga cikinsu kullum 18 zuwa 20 take, ɗayar kuwa 27 ne nata tun tana ƙarama. Idan ta farkon ta kai 28 zan kira likita, alhali ta biyun a nan take zaune lafiya. Kai da taka ke da asma, ai likitanta ne ya kamata ya yanka maka lambar da za ka tsaya a kai.

Maryam_Sabuwa:
Ku gafarce ni da shigowa a makare. Tawa ta haihu kwana biyar da suka wuce, 'ya'ya biyar, kuma tun yammacin yau take haki baki a buɗe, tana tashi daga kansu tana komawa, ƙafafunta kamar sun ɗan sandare. Shin wannan ma yana cikin abin da ake magana a kai, ko gajiyar shayarwa ce?

LikitarDabbobi_Z:
Malama Maryam, haki a lokacin naƙuda da jim kaɗan bayanta ba baƙon abu ba ne, amma a kwana na biyar, tare da sandarewar ƙafafu, yana iya zama faɗuwar sinadarin kalsiyam a jini saboda shayarwa, ko ciwo a mahaifa. Na farkon yana iya kaiwa ga farfaɗiya cikin sa'o'i. Ki raba ta da 'ya'yan yanzu, ki ajiye su wuri mai ɗumi, ki kira asibitin da ke aiki da dare.

Uwar_Tauraruwa:
Allah ya ba taki lafiya, Maryam. Yanzu aka kira ni daga asibiti, sun ce ta ci abinci kaɗan, numfashin kuma yana 34, ya ɗan hau daga yadda na bar shi. Sun ce ruwan yana iya sake taruwa kafin magani ya kama. Ƙarfe goma na safe za a yi hoton zuciyar.